Abubuwan tunawa da Gladstone a Landan: ta ina ake farawa?

Ɗan Kurmi: Salamu alaikum. Mai kwana ɗaya a Landan da ke son ganin abubuwan tunawa da William Gladstone, tsohon firayim ministan Birtaniya, ta ina zai fara? Kuma wai me ya sa wani wuri allo ne shuɗi a bango, wani wuri mutum-mutumi?

Malam Na-Tarihi: Wa alaikumus salam. Shuɗin allo shaida ce cewa mutum ya zauna ko ya yi aiki a wannan gini. Tun 1866 aka fara tsarin, yanzu yana hannun English Heritage, ƙungiyar kula da wuraren tarihi ta Ingila. Sharaɗi: sai mutum ya shekara 20 da rasuwa, ginin na tsaye, kuma ana hango allon daga titi. Gida in an rushe shi, zance ya ƙare. Mutum-mutumi kuwa kuɗin magoya baya ne ko na gwamnati, ana iya kafa shi inda mutum bai taɓa kwana ba.

Ka sauka a tashar Charing Cross, ka nufi lamba 11 Carlton House Terrace, gidansa na shekaru kusan ashirin. Daga nan 'yan mintuna ne zuwa lamba 10 St James's Square, wato Chatham House. Allon can ba shuɗin da'ira ba ne, kuma sunan firayim minista uku ne a kai: Pitt babba, Derby da Gladstone, don haka da yawa kan wuce ba su lura ba. Sai ka bi titin Strand gabas har gaban cocin St Clement Danes, inda babban mutum-mutumin da Hamo Thornycroft ya ƙera yake tun 1905. Kabarinsa na Westminster Abbey, amma can sai da tikiti.

Hajiya Turai: Malam ya bar wanda ya fi labari. A Bow, gabashin Landan, akwai mutum-mutuminsa na 1882 da Theodore Bryant na kamfanin ashana Bryant & May ya biya kuɗinsa. Hannayensa ja wur suke da fenti. An daɗe ana cewa sule guda aka zabtare daga albashin 'yan matan masana'antar don a yi shi. Masana na jayayya a kan hakan, amma unguwa ta riƙe maganar, kuma duk sanda aka goge fentin sai a wayi gari an mayar. Jirgin DLR zai sauke ka a Bow Church, mutum-mutumin yana tsakiyar titi gaban coci.

Maƙeri: Gogewar nan ba wasa ba ce, Hajiya. Tagulla tana da wata fata da aka yi mata da gangan, a sama kuma a shafa kaki. In aka kankare fenti da burushin ƙarfe ko yashi, fatar ce ke tafiya, ruwan sama ya shiga, sai ka ga koren zane yana gangarowa har kan dutsen ƙasa. Ƙa'ida ita ce tururi ko sinadari mai laushi, a wanke, a bushe, a ɗumama ƙarfen, a sake shafa kaki, a riƙa maimaitawa kamar shekara-shekara. Allunan sun fi sauƙi: yumɓu ne gasasshe, faɗi santimita 49.5, kauri 5, ana fafe bango a dasa su da kwaɓi. Kalarsu ba ta kodewa. Abin da ke kashe su shi ne rushe gini ko ɓamɓarewa da ganganci.

Malam Na-Tarihi: Ɗan Kurmi, in da ƙarin kwana, Hawarden a Wales ya fi duka. Ɗakin karatunsa na can, an gina shi kan littattafansa kusan 32,000, har kwana ake yi a ciki. Mutum-mutumin da ke wajen don Dublin aka yi shi, suka ƙi karɓa. Ka kuma sani sunan na shan suka: mahaifinsa John ya karɓi diyyar sama da fam 100,000 kan bayin da ya mallaka a Karibiyan sanda aka soke bauta, shi ya sa Jami'ar Liverpool ta yanke shawarar cire sunan daga wani masaukin ɗalibai a 2020. Gidan haihuwarsa dai na nan, lamba 62 Rodney Street a Liverpool.