Shekara guda zan yi a gida kafin jami'a: gyaran inji ko haɗa sola?

Ɗan Argungu: Assalamu alaikum. Na gama sakandare bana, NECO ta yi kyau, amma 168 na ci a JAMB, kuma injiniyan lantarki nake so a jami'ar Aliero. Bai samu ba. Tunda sakamakon JAMB shekara ɗaya yake aiki, sai na sake zama baɗi. Baba ya ce ba zai zuba min ido ina barci har hantsi ba. Kawuna yana gyaran injin ban ruwa a nan garin, ya ce in zo kyauta. Akwai kuma wani mai haɗa sola a Birnin Kebbi, shi sai an biya kuɗin koyo, in zauna wurin gwaggota. Tsorona kada karatu ya fita kaina. Wanne zan kama?

Bakanike: Wa alaikumus salam. Ɗana, tafi wurin kawunka. Da an gama girbin damina aka shiga noman rani, za ka ga injuna jibge a ƙofar shago, kowa na son nasa yau yau don shinkafa ba ta jiran kowa. Wata uku a wannan lokacin ya fi shekara a wani wurin. Za ka wanke fulogi har ka gaji, baƙin mai ya zauna maka a farce, sabulu ba ya fitar da shi. Amma ranar da ka ji tarin inji daga nesa ka ce ringi ne, wato zoben fistin, kuma aka buɗe aka ga ringin ne, ranar za ka san ka fara.

Ɗalibin kwalejin fasaha ta Waziri Umaru: Baba Bakanike, a yi min afuwa, ni sola zan ce. Tun da aka cire tallafin fetur a 2023 manoma ke neman famfon sola. Kuma lissafin wuta da batir da inbata shi ne abin da yaron nan zai tarar a aji. Ni na yi, wata biyun farko ɗaukar tsani kawai nake da sayo wa maigida abinci. Kai kuma Ɗan Argungu, ka yi magana da maigidan gaban babanka tun ranar farko: daga Janairu a riƙa sallamarka bayan la'asar don bita. In ba haka ba, kunya za ta hana ka tambaya.

Yayar wani: Ƙanena ya ɗanɗana kuɗin gyaran waya, shekara huɗu ke nan ana cewa baɗi. Kuɗin fom ɗinka ka damƙa wa Inna tun yanzu.

Ɗan Argungu: Na gode ƙwarai. Na karanta wa Baba duka. Ya yi dariya wurin maganar Yaya, ya ce kuɗin fom yana hannunsa. Ranar Asabar zan fara wurin Kawu, sola kuma sai bayan jarrabawa. Kawu ya ce in zo da tsofaffin kaya.