Haɗa aiki da digiri na biyu a fannin kwamfuta

Waɗanda suka bi wannan hanya bakinsu ya zo ɗaya a kan abu guda: a zangon farko, darasi ɗaya ya isa. Aikin rubuta manhaja yana cin lokaci fiye da zato, ƙaramin kuskure sai ya cinye maka dare sukutum. Wasu sun ce a sanar da shugaba a wurin aiki tun da wuri, a kuma adana hutun shekara don makon jarrabawa.

Shawarar da ta fi kama hankalina ta shafi kundin bincike, domin a nan mutane suka fi maƙalewa. Ka zaɓi matsalar da kake fama da ita a ofis, amma ka karɓi izini a rubuce kafin ka taɓa bayanan kamfani.