Wace kalma za mu sa wa "graft" na dodon kunne?

Salamu alaikum. Kalmar yau a asibiti na tsinto ta, a Birnin Kebbi, kuma sai da ta ba ni kunya.

Ɗan yayana ne kunnensa na hagu ya daɗe yana zubar da ruwa, har dodon kunnen ya huje. Likita ya ce sai an yi aiki an rufe hujin da "graft", wato ɗan yankin jiki da ake yankowa a ɗora a wurin. Ni ne tafinta, sai na ce, "Yaya, dashe za a yi mishi." Nan take ya dafe kai: "To wa za shi ba mu kunne? Ko kunnena za a cire?" Laifina ne. Bahaushe in ya ji dashe a asibiti, ƙoda yake tunawa, da neman mai bayarwa, da kuɗi na fitar hankali. Alhali a jikin yaron ake yanko abin, kuma ɗan mitsitsi ne, don dodon kunne gaba ɗayansa faɗinsa kamar santimita 1 ne.

Abin da aka fi yankowa wani tantani ne da ke lulluɓe da naman gefen kai, saman kunne, wurin nan da ke motsi in kana tauna. Sai guringuntsi, na ɗan tudun da ke bakin ramin kunne. Shi ya fi tauri, shi ya sa ake zaɓarsa in hujin babba ne, ko an taɓa yin aikin bai zauna ba. In hujin ƙarami ne, kitse ake ɗebowa a ƙasan kunne inda mata ke sa ɗan kunne, a cusa shi a ciki. Da can fata ake sawa: wani likita Bajamushe, Berthold, ya gwada tun 1878, sai wajen 1960 tantanin ya fara ture ta.

Da na tambayi mutane jiya wace kalma ta dace da "graft", mutum uku suka ce "faci". Na so shi, don kowa ya san faci. Amma faci roba ce da gam, a manna ta sama, kuma har tayar ta mutu faci yana nan a matsayin baƙo. Wannan kuwa abu ne mai rai. Yawanci ma ta ƙarƙashin hujin ake shimfiɗa shi, fatar dodon kunnen ta yi ta rarrafe a kansa daga gefe-gefe har ta haɗe.

Wani mai lambu daga Zuru ya ce "aure", kamar na mangwaro. Ta fuskar ma'ana babu wanda ya kai shi, tunda can ma rai ake haɗawa da rai. Sai dai ka je ka ce wa dattijo za a yi wa ɗansa auren kunne, ka ga irin kallon da zai yi maka. Abin da na karɓa a wurinsa kalma ɗaya ce: "ya kama". Aure ya kama, ko bai kama ba. Haka likitoci ma suke jira su gani.

Ni dai na tsaya a kan "maho". Ku tuna yadda tela ke yi wa babbar riga in wuta ta ci ta: yakan yanko ƙyalle daga cikin rigar, wurin da ido ba ya kai wa, ya sa ta ciki. Ƙyallen na rigar ne, ba na aro ba. Ga shi kuma yana karɓar sauran kalmomi ba tare da tuntuɓe ba: mahon tantani, mahon guringuntsi, aikin kuma mahon dodon kunne. Na kitse ne kawai nake shakka, don ya fi kama da toshi. Mutanen Gusau da Talata Mafara, ya kuka gani?

Na koma na ce wa Yaya maho ne za a yi, daga jikin yaron. Ya ce, "Ashe maho ne! To ka faɗa hakanan tun farko mana." Yanzu rigimar da ta rage ta yaron ce, tunda likita ya ce ba shi ba wankan gulbi sai mahon ya kama.