Neman shawara: za mu kai yara bakin teku a Legas

Maman Sadiq, Tudun Wada

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah waɗanda suka san Legas ku taimaka min da shawara. Ƙanin maigidana a can yake aiki, ya matsa lallai hutun Disamban nan mu kai masa yara, kuma magana ta riga ta zauna. Abin da ke damuna, ya yi musu alkawarin wuni guda a bakin teku, har ya turo musu hotunan mutane a kan babur ɗin ruwa da wani dogon kwale-kwalen roba mai siffar ayaba da jirgi ke ja. Tun ranar babu zancen da ake yi a gidan nan sai shi.

Sadiq shekararsa 14, kuma gani yake ya iya ruwa don yana bin yara rafi in mun je ƙauye. Mai bi masa mace ce mai shekara 10, sai auta mai 4. Ni ban taɓa ganin teku ba, ruwa mafi girma da na sani shi ne dam ɗin Dadin Kowa da ke nan jiharmu ta Gombe. Maigida cewa yake in kwantar da hankalina, ƙaninsa ya san gari. Ni kuma zuciyata ta ƙi kwanciya. In bar su su hau abubuwan nan ko in hana? Wane wuri ne ya dace da iyali irinmu, inda mace za ta zauna da hijabinta ba a takure ba? Ba na so in zama uwar da ta ɓata wa yara ranar da suke ɗoki, amma tsoron ruwa ba wasa ba ne.

Baban Hanif, Jekadafari

Wa alaikumus salam Hajiya. Na yi shekaru ina aiki a Apapa kafin in dawo gida, don haka bari in faɗa miki abin da idona ya gani. Abu na farko, ki zaunar da Sadiq ki gaya masa iya rafi daban, teku daban. A rafi ruwa gefe ɗaya yake tafiya, kana ganin inda ya nufa. Tekun Atlantika da ke bakin Legas kuwa igiyar ruwa ce ke zuwa ta buge ka, in za ta koma ta kwashe yashin da ke ƙarƙashin ƙafarka. Mutum yana tsaye ruwa iya gwiwa, sai ya ji ƙasa na zamewa, kafin ya gyara tsayuwa wata igiyar ta iso.

Akwai kuma wanda ya fi wannan haɗari. Ruwan da igiyoyi suka tara a bakin gaɓa yakan nemi wata siririyar hanya ya koma ciki da ƙarfi. Abin takaicin, daidai wurin nan ne yake kama da ya fi ko'ina lafawa, ba kumfa sosai, sai baƙo ya ce bari ya shiga nan. Wanda ruwan ya ja ya ce zai yi kokawa da shi ya dawo kai tsaye, gajiya ce za ta kayar da shi. Abin da masu ceto ke koyarwa shi ne mutum ya bar jikinsa ya yi yawo a saman ruwa, ya ɗaga hannu a gan shi, in zai yi iyo ya yi ta gefe, ya bi tsawon gaɓa har ya fita daga hanyar. Wannan ilimi ne ga wanda ya iya iyo sosai. Yaron da ya koya a rafi, maganinsa kada ya wuce iya ƙwauri.

In shawarata za a bi, ku ce ya kai ku Tarkwa Bay. Tana kusa da mashigar tashar jiragen ruwa, kuma dogayen katangun duwatsu da aka jera tun zamanin Turawa suna rage mata ƙarfin igiya, shi ya sa ta fi wuraren Lekki sauƙi ga yara. Sai dai mota ba ta zuwa, a jirgin ruwa ake tsallakawa, tafiyar ba ta kai rabin awa ba. Ku tabbata kowa ya sa rigar kariya kafin jirgi ya tashi, kuma ku juyo da rana tsaka ko bayan la'asar kaɗan, kada duhu ya same ku a kan ruwa. Kusa da ita akwai wani bakin ruwan da ake kira Lighthouse, shi a buɗe yake ga teku, kada yara su zarce can da sunan yawo.

Goggo Hajja, Bolari

Ni dai 'yata ban ga abin da ya kai ku ba. Tafiyar sama da kilomita 1,000 da ƙananan yara don a je a kalli ruwan gishiri? Ga Yankari nan a maƙwabta. Ku bi hanyar Bauchi, ku karya a Dindima, kun isa. Ruwan Wikki, maɓulɓular da ke cikin dajin, garai-garai yake, kana hango yashin ƙasansa da ƙafafunka, ga ɗumi daidai jiki dare da rana, rani da damina, bishiyoyi sun yi masa inuwa. Jikokina da muka kai sai da aka yi da gaske kafin suka fito. Ba igiya, ba abin da zai ja yaro. Abin lura kawai birai ne, don in kika ajiye leda a ƙasa kika juya baya, an wuce da ita. Zumunci a je a yi, amma maganar teku a bar ta.

Adda Nas, Federal Low-cost

Goggo, Allah ya ƙara girma, Wikki kam ba ta da na biyu, kuma ruwanta kusan digiri 31 yake zama kullum. Amma ko ita akwai wajen da ya shanye tsawon babban mutum, ta kusa da dutsen da ruwan ke ɓulɓulowa, don haka can ma sai da ido. Kuma tunda tafiyar Legas ta riga ta tabbata, gara mu shirya Maman Sadiq da mu tsorata ta.

Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma abin da nake so ki riƙe ya fi shafar auta. Mutane suna zaton yaron da ruwa ke ci zai yi ihu yana fantsama ruwa. Yawanci ba haka ba ne. Bakinsa yana nutsewa yana ɗagowa, numfashin da zai ja ma bai ishe shi ba balle ya kira mamansa. Shiru abin yake faruwa, cikin ɗan lokaci kaɗan, sau da yawa manya na zaune kusa suna hira. Kuma ana samun haka ko a inda manya suke da yawa, don kowa yana zaton wani ne ke kallo. Ke kina ganin baffansu na tare da su, shi yana ganin babansu na nan, baban kuma yana ɗaukar hoto.

Saboda haka tun daga gida ku raba aiki da suna. A ce wane, kai ne da Sadiq, wance, ke ce da yarinya, auta kuma ba ya nisan da hannunki ba zai kai gare shi ba. Wanda ke gadi ya ajiye waya a jaka. In zai je sallah ko sayen abu, ya danƙa wa wani da baki, ya ji ya amsa.

Rigar kariya ma a duba ta. Ki ɗaure wa yaro dukkan maɗauran, ki kama kafaɗun rigar ki ja sama. In ta taso ta wuce haɓarsa ko kunnuwansa, ta yi masa yawa, a ruwa zai zame ta ƙasa ya bar ta. Irin robobin nan da ake hurawa a sa wa yara a damtse, da tayar roba mai hoton agwagwa, kayan wasa ne, kada ki dogara da su. Ki tafi da ruwan sha mai yawa da huluna, don iskar teku tana hana mutum jin zafin rana har sai kai ya fara sarawa. Yaron da ya shaƙi ruwa ya fito yana ta tari ko numfashinsa na sama-sama, asibiti za a wuce da shi ko da ya ce ya warware.

Hamma Bello, Dadin Kowa

Na ga an ambaci dam ɗinmu, shi ya sa na shigo. Kada wani ya ce bari a kawo yara nan su fara gwada hannu kafin tafiya. Wurin yana da kyan kallo, ku zo ku sha iska, ku sayi kifi, amma ban da shiga. Kogin Gongola ne aka tare, zurfinsa ba na wasa ba ne, kuma akwai dorina. Manoman rani da masunta na wajen Hinna sun san irin ɓarnar da take yi. Ga kuma tsargiya. Ƙwayar cutar tana fitowa daga ƙananan dodon koɗi da ke cikin ruwan da ba ya gudu sosai, ta ratsa fata ba tare da mutum ya ji ba, bayan makonni yaro ya fara fitsarin jini. Mu nan mun taso ana ɗaukar abin kamar ba komai ba, alhali yana lalata mafitsara in ya daɗe. Hajiya, tunda kin ce Sadiq yana shiga rafi a ƙauye, ki tambaye shi a keɓe, don yara maza kunyar faɗa suke ji. Magani akwai, ana ma raba shi a makarantu. Ruwan teku kam babu wannan matsalar, cutar ba ta rayuwa a ruwan gishiri.

Ummi, Pantami

Anti, ni na hau duka biyun lokacin da nake hidimar ƙasa a Legas, kuma gaskiya akwai daɗi, kada ki hana Sadiq gaba ɗaya. Babur ɗin ruwa, ki ce mai shi ne zai tuƙa, Sadiq ya zauna a baya ya riƙe shi, sanye da riga. Kada a yarda a ba shi tuƙi ko an ce da sauƙi, don ba ya tsayawa nan take kamar mashin. Ki duba hannun matuƙin ko rigarsa, akwai wata igiya da ke haɗe da makunni, in ya faɗo injin zai mutu da kansa. Wanda bai ɗaura ta ba, ku nemi wani. Ku gama ciniki tun a tudu, nawa ne kuma minti nawa, kafin kowa ya hau.

Ayabar nan kuwa, ki sani kifar da mutane yana cikin wasan. Mai jirgi yakan karya kwana da gangan kowa ya zube a ruwa ana dariya, sannan a tsince su ɗaya bayan ɗaya. Ga yarinya mai shekara 10 da ba ta iya iyo ba, firgicin kaɗai ya isa ya sa ta tsani ruwa. Ni da ƙanwata ce ba zan ɗora ta ba. A bakin ruwan Lekki akwai dawakai da ake hawa ana zagayawa a kan yashi, da yawa daga masu su ma 'yan Arewa ne, za ku yi Hausarku. Yashin kansa ya ishi auta wasa har ya gaji.

Maganar sutura, dogon hijabi har ƙasa in ya jiƙe nauyi yake yi, yana nannaɗe ƙafa, kuma zai iya maƙalewa a jikin jirgi. Yarinya ta sa doguwar riga mara nauyi da wando da ƙaramin hijabi, a cusa bakinsa cikin rigar kariya. Ke da za ki zauna a inuwa, ki sa abinki yadda kika saba. Ana ba da hayar rumfa da kujeru.

Malam Baffa, Herwagana

In za ku iya, ku zaɓi ranar aiki kuma ku yi sammako. Asabar da Lahadi da yamma, musamman ƙarshen Disamba, wuraren nan cika suke da kiɗa da shigar da ba za ki so yara su zauna a ciki ba. Da safe kuwa iyalai ne suka fi yawa. Ku tafi da darduma. Alwala da ruwan teku ta halatta, ya tabbata a hadisi cewa ruwansa mai tsarkakewa ne kuma mushensa halal ne, sai dai wanda zai yi ya ɗebo a buta ya koma tudu, kada ya tsuguna a bakin igiya ya ba ta baya. Kai yara su ga teku abu ne mai kyau. Yaron da ya taso a Gombe ya tsaya ya ga ruwan da ba a hango ƙarshensa, karatun da ya yi a allo game da ikon Allah zai ƙara zauna masa.

Maman Sadiq, Tudun Wada

Allah ya saka muku da alheri, wallahi na ji sanyi. Na karanta wa maigida duka, ya kira ƙaninsa a gabana. Mun tsayar da ranar Talata da safe, Tarkwa Bay. Sadiq zai hau babur a bayan mai shi, ayaba kuma an soke ta ga kowa. Ya ɗan ɓata rai, amma da babansa ya ce shi ma a baya zai zauna sai ya haƙura. Hamma Bello, na tambaye shi, ya ce bai taɓa ganin jini ba, duk da haka zan kai shi a gwada fitsarin. Goggo, Wikki ma ba mu bar ta ba, mun ce hutun Ista in Allah ya kai mu, kuma da ke za mu.

Saura abu ɗaya. Masu jirgin suna da rigar da za ta yi wa ɗan shekara 4 daidai, ko in nema da kaina?

Baban Hanif, Jekadafari

Kada ki dogara da tasu Hajiya, galibi na manya ne suka fi yawa, na yara in akwai ma ba lallai su yi masa ba. Ki auna nauyin auta ki tura wa baffansa, don da kilo ake rubuta girman rigar, ya saya tun kafin ku iso. Ya nemi mai maɗaurin da ke bi ta tsakanin ƙafafu da abin tallafe kai a ƙeya. In kun sauka ki sa masa ita a gida ya yi ta yawo da ita a falo ya saba, don kada ku je bakin jirgi ya ƙi yarda a ɗaura masa.