Ina tura kilo 90 a benci amma firesof 30 ya gagare ni

Ɗan_Fagge:
Salam 'yan uwa don Allah a warware min. Ina tura kilo 90 a benci (ɗaga ƙarfe a kwance) sau ɗaya, amma wani siririn yaro a jim ɗinmu yana firesof 60 ni ko 30 ban kai ba hannu ya mutu, to ina amfanin ƙarfin?

Mai_Ƙarfe:
Wa'alaikassalam. Nauyinka nawa tukuna? A firesof kusan kashi biyu cikin uku na jikinka kake turawa, in kai kilo 95 ne shi kilo 60 ai ba kaya ɗaya kuka ɗauka ba. Ku gwada kilo 50 a benci za ka ga ka wuce shi, don kai wajen rabin ƙarfinka kake sawa shi kuwa ya kusa ƙurewa. Shi ya sa a gwajin 'yan wasan NFL, gasar ƙwallon ƙafa irin na Amurka, ake ɗora wa kowa kilo 102 a benci a ƙirga sau nawa za su tura.

Bahago:
Haka ne yaya, amma juriya ma sai an koya wa jiki, a dambe mun sha ganin mai naushi kamar guduma amma turmi na biyu kafaɗa ta saki. Ka ware kwana biyu a sati, kaya mara nauyi sau 20 zuwa 25, hutu gajere.

Ɗan_Fagge:
Kilo 97 nake wallahi. Na gode, Litinin zan fara.