Karatu ba ya zama a kaina, ku taimaka

Auta: Salamu alaikum 'yan zaure. JAMB, jarrabawar shiga jami'a, ta matso, ni kuma abin da na karanta da daddare kafin gari ya waye ya bi iska. Me ake yi?

Na Gumel: Wa'alaikumus salam. Zabibi da zuma da safe, kafin ka sa komai a ciki.

Ɗan Ladi: Ka san kuɗin zuma kuwa yanzu? Sai ka saya masa.

Yaya Babba: Auta, duk abin da za ka yi, ban da kwanan zaune. Shekarar da na fara zama, mako guda cur ina zuba Nescafe a baƙin shayi, ina bin sa da goro, ina karatu da fitilar waya har kiran assalatu. Ranar jarrabawa muka yi sammako zuwa Dutse. Na zauna gaban kwamfuta, tambaya 180 cikin awa biyu, wallahi haruffan rawa suke min. Tambaya ɗaya sai na karanta sau uku, gyangyaɗi na fizgata. Makin da na ci ba ya faɗuwa a zaure. Da shekara ta zagayo sai na koma yadda aka yi mana a makarantar allo: kaɗan bayan Asuba, in rufe littafi in kawo shi da ka, washegari in yi tishin na jiya kafin in ɗora sabo. Ƙarfe goma na dare na kwanta.

Alaramma: Izu sittin ma da tishi ake riƙe su. Bar tilawa wata guda ka ga yadda hadda ke zubewa.

Ɗan Ladi: Yaya faɗi makin mana, mu ma mu ɗau darasi 😂

Yaya Babba: Kai da ka yi NECO sau uku?

Ɗan Ladi: Sau biyu ne! Lissafi ne kawai ya riƙe ni.

Ticha: Auta, tara ƙannenka ka koya musu abin da ka karanta. Inda ka kakare, nan ne ba ka gane ba. Wayar nan kuma ka ba Inna ajiya.

Auta: Malam ai tsofaffin tambayoyin a cikin wayar suke.

Ticha: TikTok ɗin ma a ciki yake.

Na Gumel: Ni dai zabibin ya yi min.

Ɗan Ladi: Wa zai shiga kasuwar Gujungu ran Lahadi? Ina da awaki biyu.