Takomita ko mitar firikwansi: wacce ta fi dacewa da mai janareta?

Mai injin niƙa: Assalamu alaikum, jama'ar zaure. Ina da janareta mai shan dizal da nake tayar da injin niƙa da shi, kuma motar lantarkin da ke juya injin tana ɗaukar zafi fiye da kima. An ce mini gudun janaretan ne bai daidaita ba. Shin takomita, mai auna gudun juyawar inji, zan saya, ko mitar da ke auna firikwansi, wato yawan kaɗawar wuta a daƙiƙa?

Injiniyan lantarki: Wa alaikumus salam, Alhaji. Shawarata ita ce ka fara da multimita, wato mitar auna wutar lantarki, mai alamar Hz, ma'aunin firikwansi, domin a janareta irin naka gudun inji da firikwansin wuta a ɗaure suke da juna. Wutar Najeriya da Nijar tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa ɗaya, kuma don janareta mai kawunan maganaɗisu 4 ya ba da haka, dole ne ya yi zagaye 1500 a minti. Ƙananan janaretocin fetur masu kawuna 2 kuwa 3000 suke yi. Saboda haka idan naka mai kawuna 4 ne kuma mita ta nuna 46 Hz, ka ninka da 30, ka san injinka yana zagaye 1380 ne kawai. Mota tana zafi a irin wannan hali, musamman idan ƙarfin wutar bai sauka tare da firikwansin ba.

Makaniken janareta: Na goyi bayan Injiniya. Abin da zan ƙara shi ne, gwamna, wato na'urar da ke daidaita man da ke shiga inji, ce ke riƙe da gudu, ba AVR mai daidaita ƙarfin wuta ba, don haka kada a bari wani ya taɓa AVR da sunan gyaran firikwansi. A inji mai gwamnar ƙarfe muna saita shi wajen 51.5 ko 52 Hz ba tare da lodi ba, domin idan an ɗora masa nauyi ya sauko kusa da 50. A auna sau biyu, kafin a kunna niƙa da kuma lokacin da ake niƙan.

Malamin kwalejin fasaha: Alhaji, ka lura da irin mitar kafin ka biya kuɗi. Hanya mafi sauƙi da mita ke bi ita ce ta ƙirga kaɗawar wuta cikin daƙiƙa ɗaya, amma hakan 49 ko 50 ko 51 kawai zai nuna maka. Mitoci masu kyau suna auna tsawon lokacin kaɗawa guda, wanda a 50 Hz kashi ɗaya ne cikin 50 na daƙiƙa, ta hanyar ɗan dutsen kwaz irin wanda ke cikin agogon hannu, sannan su lissafa maka har 49.8 ko 50.2. Nemi mai nuna aƙalla lamba ɗaya bayan ɗigo. Mitar kamfanin Fluke tana da inganci amma tana da tsada, ta kamfanin UNI-T kuma ta wadatar ga wannan aiki. Lissafin gudun inji daga firikwansi da Injiniya ya kawo ba ya aiki a kan janareta mai inbata, domin firikwansinsa na'urar ciki ce ke haɗa shi, ko injin ya yi sauri ko ya rage.

Mai injin niƙa: Na gode, Malam. To, takomita ba ta da amfani gare ni ke nan?

Makaniken janareta: Tana da shi, Alhaji, amma a ɓangaren niƙan. Multimita ba za ta gaya maka ko bel yana zamewa ba. Sayi takomita mai haske, wadda ake manna ɗan tef mai ƙyalli a jikin fuli, wato faifan da bel ke zagaye, a haska shi daga nesa, ita kuma ta ƙirga sau nawa hasken ya dawo mata a minti. Na fi son ta a kan wadda ake danna bakinta a tsakiyar shaf, wato sandar ƙarfen da ke juyawa, saboda hannu ba ya kusantar abin da ke juyawa. A manna tef ɗaya tak bayan an kashe inji, kuma idan fulin yana sheƙi a shafa masa baƙin fenti, in ba haka ba za ta ƙirga fiye da gaskiya.

Injiniyan lantarki: Kuma idan motar mai kawuna 4 ce, ka auna ta ka ga zagaye 1440 ko 1450 a minti maimakon 1500, kada ka damu, haka irin waɗannan motoci suke ɗan ja baya a ƙarƙashin lodi. Idan ta faɗi ƙasa da abin da aka rubuta a farantin jikinta sosai alhali firikwansi yana 50, to mai yiwuwa lodin ne ya yi mata yawa, sai a rage hatsin da ake zubawa.